Na'urar auna ƙura ta aljihu: na gwada ta a jiragen ƙarƙashin ƙasa na Landan

Bari in fara da hukunci, don mai sauri ya ɗauka ya wuce. Wannan 'yar na'urar auna ƙurar iska ta ci kuɗinta idan mutum uku ko huɗu za su yi karo-karo su saya, su riƙa ba juna aro. Amma ban ga dalilin da zai sa kowa ya sayi tasa ba. Duk amfaninta a makonnin farko yake. Da zarar ta gama nuna maka wuraren da iska ta fi lalacewa a hanyar da kake bi kullum, to labarinta ya ƙare, abin da ya rage sai ta riƙa ɗaga maka hankali a kan abin da ka riga ka sani.

Ba zan kama sunan kamfanin ba. Irinta sun cika kasuwannin intanet, da yawansu kayan cikinsu ɗaya ne, suna da launin roba kawai suka bambanta. Tawa fara ce, ba ta cika tafin hannu ba. Tana da 'yar fuska mai nuna lamba, maɓalli biyu a gefe, wasu 'yan hudoji a baya inda take shaƙar iska, sai igiyar caji irin ta waya. Abin da na biya bai kai fam ɗari ba, har da kuɗin kawowa.

Ina zaune a arewacin Landan, kusa da tashar Seven Sisters, wurin aikina kuma yana wajen Vauxhall, can ƙetaren kogin Thames. Ke nan layin Victoria ne hanyata safe da yamma, tafiyar kusan minti 20 ba tare da an ga hasken rana ba. Duk wanda ya jima yana bin layukan nan masu zurfi ya san abin nan da ba a cika faɗa cikin mutane ba: ka dawo gida za ka yi alwala, ka shaƙa ruwa ka fyace, ka ga baƙi-baƙi. 'Yan garin sun saba har sun mai da shi abin raha. Ni dai abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa na ce bari in ga yawan abin da nake zuƙa.

Kafin mutum ya yarda da lambar da take nunawa, ya kamata ya san yadda take samo ta, domin ƙarfinta da rauninta duk a nan suke. A cikinta akwai wata 'yar fanka da ke janyo iska ta wuce ta gaban siririn hasken leza. Duk ƙwayar ƙurar da ta gifta sai ta tarwatsa hasken, wani ɗan ido na lantarki ya ƙirga walƙiyar, daga nan na'urar ta yi lissafi ta ce nauyin ƙurar da ke cikin iskar ya kai kaza. Wato ba awo take yi ba, kintace take yi daga haske. A riƙe wannan, zan dawo kansa.

Abin da take kintata shi ne PM2.5, ƙwayoyin ƙura da faɗinsu bai wuce maikiromita 2.5 ba. Silin gashin kai guda ya ninka su kauri kusan sau 30. Gashin hanci da majina suna tare manyan ƙwayoyi, amma waɗannan wucewa suke yi har can cikin huhu, mafi ƙanƙantarsu ma su ratsa cikin jini. Ana lissafa su da maikirogiram a kowace kyubik mita ta iska. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idar da ta fitar a 2021, ta ce matsakaicin shekara kada ya haura 5, na kwana guda kuma kada ya haura 15.

A gida na fara gwada ta. A falo, taga a rufe, lambar tana ƙasa, fuskar kore shar. Da aka ɗora mai a wuta za a soya ƙosai sai ta fara hawa, ta koma ruwan goro, ta koma ja. Amma turaren wuta ne ya fi tunzura ta. Uwargida ta zuba shi a kasko kamar yadda ta saba bayan magariba, ban ankara ba sai na ji na'urar tana kuka daga kan tebur, fuskarta ta rikiɗe ta yi duhu. Ta dube ni ta ce, "Malam, wannan abar taka ƙamshi ne ba ta so ko me?" Turaren dai ba a daina ba, ni ma ban nemi a daina ba, amma yanzu idan an sa akan buɗe taga, kuma ba a sa shi a ɗakin yara da dare. Na kawo wannan ne don a san cewa na'urar ba ta bambance ƙamshi da wari, ba ta bambance hayaƙi da ƙarfe. Ƙwaya kawai take ƙirgawa.

Sai ranar da na sauka da ita ƙasa. A kan High Road, titin da ke bakin tashar, duk da motocin bas da ke ta kai da komo, lambar ba ta tayar da hankali ba. Na shiga zauren da ake taɓa kati, ta ɗan motsa. A kan matattakalar lantarki ta fara hawa tun ban kai rabi ba. Da na tsaya wurin jiran jirgi kuwa, sai ta bar goma-goma ta shiga ɗari-ɗari. Akwai wani abu da nake so duk wanda ya samu irinta ya lura da shi. Iskar nan da ke kaɗa maka riga kafin jirgi ya ɓullo daga rami, wadda a lokacin zafi kowa ke miƙa mata fuska, ita ce ke ɗauke da kayan. Jirgin ya kusa cika ramin, saboda haka turo iskar yake yi a gabansa, ita kuma ta kwaso duk abin da ya kwanta a kan dogo da bango. 'Yan daƙiƙu bayan ta buso sai ka ga lamba ta yi tsalle. A cikin tarago ma ba ta sauka can ba, musamman idan wani ya zuge 'yar tagar ƙofar da ke tsakanin tarago da tarago don ya sha iska.

Ban tsaya a kan abin da 'yar robata ta faɗa ba. Masana na King's College London sun yi wannan aikin da manyan na'urori, sakamakon ya fito a 2020. Sun samu matsakaicin PM2.5 a jiragen baki ɗaya ya kai 88, alhali a sararin birnin, nesa da manyan tituna, 19 ne. Sai dai wannan 88 ɗin rufa-rufa ce, domin layi da layi ba ɗaya ba ne. A layin District, lambar da ta faɗo tsakiya cikin abin da suka auna 4 ce kacal. A layin Victoria, nawa ke nan, 361.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Duk da sunan da ake kiransu da shi, fiye da rabin dogon jiragen ƙarƙashin ƙasa na Landan a sarari yake. Layukan farko, tun daga wanda aka buɗe a 1863 tsakanin Paddington da Farringdon, haƙe titi aka yi aka shimfiɗa dogo aka rufe, kuma da yake jiragen lokacin kwal suke ci, dole aka bar wurare a buɗe don hayaƙi ya fita. District da Circle da Metropolitan da Hammersmith & City su suka gaji wannan ginin. Daga 1890, da jiragen lantarki suka zo, sai aka riƙa nutsawa can ƙasa ana fafe matsattsun ramuka, tunda babu hayaƙin da za a nema wa hanya. Shi kuwa Victoria, wanda aka fara buɗewa a 1968, daga Walthamstow har Brixton fasinja ba ya leƙa waje ko sau ɗaya, ga shi a lokacin cunkoso jirage 36 ke wucewa cikin awa guda. Ƙurar da aka tayar ba ta da wurin zuwa, kafin ta kwanta wani jirgin ya sake tayar da ita.

Ita kanta ƙurar ba irin ta kan titi ba ce. Binciken King's College ɗin ya nuna kashi 47 cikin 100 nata tsatsar ƙarfe ce. Ƙafar jirgi ƙarfe, dogo ƙarfe, kullum suna gugar juna. Birki yana cinyewa a kowace tasha. Ga ƙarfen da ke jan wuta daga dogon lantarki, shi ma gogawa yake yi tun daga farkon layi har ƙarshe. A cikin ragowar har da zaren tufafi da ɓawon fatar mu fasinjoji.

Ni da na tashi a Kano, ƙura ba baƙuwata ba ce. Amma ƙurar hunturu tana sallama kafin ta shigo: gari ya yi fari, rana ta dusashe, leɓe ya tsattsage, kowa ya san lokacin naɗa rawani ko jan mayafi ya yi. Wannan ba ta sallama. Sai dai idan ka tsaya a ƙarshen wurin jira ka hangi ɗaya ƙarshen ta cikin hasken fitilu, za ka ga wani siririn hazo a rataye, wanda yawancin mutane ke ɗauka hasken fitilar ne ya yi haka.

Inda na'urar ta burge ni ƙwarai shi ne wajen nuna bambanci. Ranar Juma'a nakan je babban masallacin Whitechapel. Idan na bi jirgin Overground daga Seven Sisters zuwa Liverpool Street, kusan duk tafiyar a sarari ce, lambar ba ta nisa da ta kan titi. Daga nan in shiga layin Elizabeth, tasha ɗaya ce. Shi ma can ƙasa yake, zurfinsa ba na wasa ba, amma sabon gini ne, a 2022 aka buɗe shi. Ramukansa masu faɗi ne, jiragen suna da na'urar sanyaya iska ba a buɗe musu taga, sannan akwai katangar gilashi da ta raba wurin jira da dogo, ƙofofinta ba sa buɗewa sai jirgi ya tsaya. Lambar takan ɗan hau a can, amma ko kusa ba ta kama ƙafar ta Victoria. Wannan kaɗai ya nuna mini cewa ba zurfin ne kawai matsalar ba, yadda aka yi ginin da yadda iska ke zagayawa su ne kan gaba.

Wata Asabar na je Hampstead takanas, a kan layin Northern. Ita ce tashar da ta fi kowace zurfi, sama da mita 58 daga doron ƙasa, da lif ake sauka. Kwamitin da ke ba gwamnatin Birtaniya shawara kan illar gurɓatacciyar iska, wato COMEAP, ya fitar da rahoto a farkon 2019 da ya kawo matsakaicin 492 a wannan tashar, a lokacin da na bakin titi yake 16. Na tsaya na bar jirage suka yi ta wucewa ina kallon fuskar na'urata. Ja ce wur, babu shakka, amma ta tsaya ƙasa da wancan adadin da rata mai yawa.

Ana iya cewa Asabar ce, jirage ba su kai na ranar aiki ba, kuma shekaru sun shuɗe ana ta sharar ramukan. Duk wannan zai iya shiga ciki. Amma akwai babban dalili, shi ne wanda na ce a riƙe. Lissafin da aka ɗora na'urar a kai na iskar gari ne, wadda hayaƙi ya fi yawa a cikinta. Ƙwayar ƙarfe kuwa ta fi ƙwayar hayaƙi nauyi ko da girmansu ɗaya. Na'urar tana ganin girma, ba ta jin nauyi, don haka a ƙarƙashin ƙasa kintacenta yakan gaza. Su kansu masanan sai da suka tace iskar a kan takarda, suka ɗora a ma'auni, sannan suka gyara lissafin na'urorinsu da abin da ma'aunin ya ba su. Babu maɓallin da zai yi maka wannan a tawa, kuma 'yar takardar bayanin da aka saka a kwalin ko kalma ɗaya ba ta faɗa a kan haka ba. Saboda haka abin da za ka iya ɗauka daga gare ta shi ne "nan ya fi can". Lambar kanta kada ka kafa hujja da ita, balle ka ɗauki hotonta ka watsa a WhatsApp.

Akwai kuma abin da ba ta gani sam. Irin waɗannan ƙananan na'urorin ba sa iya hango ƙwayar da ta gaza kimanin maikiromita 0.3. Masu bincike na Jami'ar Cambridge kuwa, a 2022, sun duba ƙurar tashoshin Landan suka samu wani nau'in tsatsar ƙarfe da maganaɗisu ke ja, wanda wasu ƙwayoyinsa ba su wuce nanomita 5 ba, wato sun gaza iyakar ganin na'urar sau 60. Waɗanda suka fi sauƙin ratsa huhu su ne ba ta san da zamansu ba.

Sai maganar launuka, wadda a ganina ita ce aibinta mafi girma. Kore da rawaya da ja ɗin nan an aro su ne daga ma'aunin iskar waje, wanda aka tsara a kan mutum zai wuni ya kwana yana shaƙa. Idan ta yi ja ta rubuta maka cewa akwai haɗari, ba ta san minti 20 za ka yi ka fita ba. Na zauna na yi ɗan lissafin 'yan makaranta: minti 40 a rana, zuwa da dawowa, a kan 361, idan ka baza shi cikin awa 24, ya ƙara kusan 10 a kan matsakaicin ranarka. Goma daga cikin 15 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta iyakance, kafin ka haɗa da na titi da na kicin. Ba ƙaramin abu ba ne, amma kuma ba tashin duniya ba ne kamar yadda jar fuskar ke nunawa. Da masu ƙera ta sun sa ta riƙa tara jimillar abin da ka shaƙa a rana, da ta fi haka amfani nesa ba kusa ba.

Kuma ita ƙa'idar 5 da 15 ɗin an gina ta ne a kan binciken iskar waje. COMEAP a rahotonsa ya ce da alama ƙurar ƙarƙashin ƙasa tana da nata haɗarin, amma shaidar da ake da ita ba ta isa a faɗi girmansa ba. A 2024 masana na Imperial College London sun duba bayanan hutun rashin lafiya na ma'aikatan jiragen, suka ga waɗanda ke aiki cikin ƙurar sun fi na ofis ɗaukar hutu, amma ba su ga cewa hutun yana ƙaruwa daidai da ƙaruwar ƙurar ba. Wannan ne ya sa nake ganin wanda ya kamata a fi yi wa tunani ba ni ba ne mai minti 40, direba ne da mai tsaron wurin jira da masu shara cikin dare, waɗanda nan ne wurin cin abincinsu.

Ba Landan kaɗai ba ce. A 2021 masu bincike na Jami'ar New York sun auna tashoshi 71 a biranen arewa maso gabashin Amurka, a tashar Christopher Street ta birnin New York suka taɓa samun 1,499. A Paris wata ƙungiya mai suna Respire ta kai ƙarar kamfanin jiragen birnin a wannan shekarar a kan iskar tashoshi. Seoul ta Koriya ta Kudu kuwa tun wajajen 2009 ta kafa ƙofofin gilashi a tashoshinta, kuma ƙurar wurin jira ta ragu, sai dai ita ƙurar ramin tana nan a ramin.

To yanzu ƙananan ƙorafe-ƙorafe, waɗanda su ne ke sa mutum ya jefa abu a durowa. Batirin ba ya kai abin da aka rubuta a kwali. Idan ka bar fuskar a kunne, da ƙyar ya kai ka aiki ya dawo da kai. Ranar da ake yayyafi ko hazo ya sauka lambar takan kumbura, domin ƙwayoyi na shan laima su yi girma, ita kuma girma take gani. Manhajar wayar da ake haɗa ta da ita tun a buɗewar farko ta nemi izinin shiga lambobin mutanen da ke wayata. Me ya haɗa auna ƙura da lambar surukina? Na hana. Bayan haka, a ƙarƙashin ƙasa waya ba ta sanin inda take, saboda haka manhajar sai ta zana maka layi yana hawa yana sauka ba tare da sunan tasha ba. Dole na riƙa rubuta lokacin da na isa kowace tasha a 'yar takarda, in dawo gida in gwada da zanen. Idan kuma haɗin na'urar da wayar ya yanke a hanya, abin da ta auna a wannan tsakanin ya tafi ke nan.

Mafi muni ita ce ƙarar gargaɗi. A kunne take zuwa daga kamfani, kuma hanyar kashe ta a ɓoye take, sai ka danne maɓalli biyu lokaci guda ka riƙe. Ɗan'uwa mai gemu, ka san garin da kake. Ka tsaya cikin tarago cike maƙil da mutane, riƙe da wata farar aba mai jan haske tana "tit-tit-tit", ba sai na faɗa maka irin kallon da za ka sha ba. Ka kashe ƙarar tun a gida, ka rataya na'urar a igiyar jaka yadda hudojinta za su samu iska. A aljihu ba ta aunawa, zaren wandonka kawai take shaƙa.

Wani abin da ya kamata a sani: ƙwaya kaɗai take gani, ba ta ganin iskar gas. Gubar da ke fita daga salansar motocin dizal, wadda ita ce babbar matsalar manyan titunan Landan shekara da shekaru, ba ta cikin lissafinta. Kore a bakin titi ba shaidar lafiya ba ce. Don haka kada wani ya ga ja a ƙasa, kore a sama, ya ce daga yau ya koma mota. Ni kaina da na lissafa, bas daga unguwarmu zuwa Vauxhall zai ci mini fiye da awa guda cikin cunkoso, a bayan salansar wasu. Ban bar Victoria ba, kuma ba ni da niyyar bari.

Abin da na sauya kaɗan ne. Idan ba sauri nake ba, kuma akwai hanyar sama ko ta Elizabeth, ita nake bi, musamman idan ina tare da yara. Ba na zama kusa da tagar nan ta ƙarshen tarago. Idan allo ya nuna jirgi zai jima, ba na zuwa in tsaya daidai bakin rami. Sannan na koma sa takunkumi, amma ba shuɗin nan na asibiti ba, wanda iska ke shiga ta gefe da gefe. FFP2 nake saya, wanda ƙa'idarsa ita ce ya tace aƙalla kashi 94 cikin 100 na ƙwayoyi. FFP3 ya kai 99, amma ya fi tsada, kuma a zafin layin Victoria numfashi da shi sai an daure. Idan ka yi kwanaki kana sa fari ka duba bayansa, za ka ga ya fara komawa toka-toka daidai hanci.

A nan ma akwai magana ga masu gemu. Takunkumin ba ya aiki yadda aka rubuta sai gefensa ya manne da fata, gashi kuwa yana buɗe ƙofa. Wani dattijo da muke gaisawa a masallaci ya gan ni da shi ya ce, "Kai yaro, da wannan gemun naka ai ƙofar gaba ka rufe ka bar ta baya." Na ce, "Baba, haka ne, amma ta bayan ta fi ƙanƙanta." Gaskiyarsa ce dai, kashi 94 ɗin nan ba nawa ba ne. Gemun yana nan, takunkumin ma yana nan, na ɗauki abin da ya samu. Mai igiya ta bayan kai ya fi mai rataya a kunne matsewa, kuma a lanƙwasa ɗan ƙarfen hancin da kyau, shi ma yana rage ɓaraka.

Mai asma ko ciwon zuciya, ko mai juna biyu da ke bin layi mai zurfi kullum, shi ne zan ce ya mallaki tasa idan yana da hali, domin za ta yi masa aiki a gida ma, wajen girki da turare. Ya tafi wa likitansa da labarin hanyar da yake bi da tsawon lokacin da yake yi a ƙasa, wannan ya fi lambar amfani a wurin likita.

Wanda zai saya kuma ya duba abu uku. Ya tabbatar an rubuta cewa da leza take aiki kuma tana da fanka, idan ka kara ta a kunne za ka ji ɗan motsinta. Ya nemi wadda ke ajiye bayanai a cikinta ba sai da waya ba. Kuma ya sayo daga inda ake karɓar kaya idan an mayar, domin akwai na bogi masu nuna lambobin da ba su da alaƙa da iskar ɗakin. Ranar da ta iso, ka kunna ta ka bar ta ta natsu, ka ƙyasta ashana a ɗan nesa da ita ka hure, ka bar hayaƙin ya bi ta bayanta. Idan lamba ba ta yi sama cikin 'yan daƙiƙu ba, mayar da ita kwalinta tun wa'adin mayarwa bai wuce ba.